Mai Bhago da Mutum Arba'in na Tafkin Khidrana

A kudu maso yammacin ƙasar Fanjab ta Indiya, daidai inda gonakin alkama suke fara sallamawa rairayi ya karɓi ƙasa, akwai wani gari da ake kira Muktsar, wanda kowace shekara, idan watan Janairu ya raba tsakiya hunturu ya kankama, dubban mabiya addinin Sik sukan yi masa tsinke daga kowace nahiya, su yi wanka a tafkinsa, su saurari karatun littafinsu, su ambaci waɗansu mutum arba'in da suka kwanta dama a bakin wannan tafki cikin shekarar 1705. Wanda ya ga irin girman da ake ba mutanen nan, har ana ambatonsu cikin addu'ar da Sikawa suke yi safe da maraice a ko'ina cikin duniya, zai zaci tun farkon al'amari jarumai ne waɗanda ƙafarsu ba ta taɓa zamewa ba. Alhali kuwa su ne waɗanda suka gudu suka bar shugabansu cikin ƙawanyar abokan gaba, har ma suka rubuta takarda da hannunsu cewa babu su babu shi. Abin da ya fitar da su daga wannan ƙasƙanci ya kai su ga wancan matsayi, mace ce guda ɗaya, 'yar ƙauye, wadda tarihi ya riƙe da suna Mai Bhago.

Ya kamata mai karatu ya sani tun yanzu cewa kalmar "Mai" a harshen Fanjab laƙabi ne na girmamawa da ake yi wa mace, kamar yadda za a ce Inna ko Uwa, sunanta na yanka kuwa Bhag Bhari, wanda yake nufin mai rabo ko mai sa'a. Bayan ta shiga jama'ar Khalsa, wadda bayaninta zai zo a gaba, aka riƙa ce mata Bhag Kaur.

Ba za a fahimci aikin wannan baiwar Allah ba sai an waiwayi jama'ar da ta fito daga cikinta. Addinin Sik ya samo asali ne daga Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469 ya rasu a 1539, ya kuwa tashi a ƙasar da Musulmi da Hindu suke zaune ƙofa da ƙofa, ya yi kira zuwa ga bauta wa Ubangiji ɗaya, da cin halaliyar gumi, da raba abin hannu da mabukata, ya kuma ƙi yarda da rabe-raben asali da suka sa wani ɗan Adam ba ya cin abinci da wani. Kalmar "Sik" kanta ma'anarta almajiri, "Guru" kuwa malami mai shiryarwa. Malamai goma ne suka gaji juna a kan wannan shimfiɗa, kuma tun daga na farkonsu an ba mace wani matsayi da ba a saba gani ba a wancan zamani: Mata Khivi, matar Guru na biyu, ita ce ta riƙe ɗakin girkin jama'a da suke kira langar, inda sarki da talaka suke zama sahu ɗaya a ƙasa su ci tukunya ɗaya, har sunanta ya shiga cikin littafinsu mai tsarki, Guru na uku kuwa, wato Amar Das, ya yi hani ga mummunar al'adar nan ta ƙone mace da ranta tare da gawar mijinta.

Jama'a ce da ta fara da waƙoƙin yabon Ubangiji da ciyar da baƙi, amma da ta yi yawa ta yi ƙarfi, sai idon masu mulki ya dawo kanta. A 1606, zamanin Sarki Jahangir na daular Mugal, aka kashe Guru na biyar, Arjan, a birnin Lahore bayan an gana masa azaba. Ɗansa Hargobind da ya gaje shi sai ya rataya takubba biyu, ɗaya alamar jagorancin addini, ɗaya alamar sha'anin duniya. A 1675, zamanin Sarki Aurangzeb, aka fille kan Guru na tara, Tegh Bahadur, a tsakiyar birnin Delhi, ɗansa Gobind yana yaro ɗan shekara tara. Wannan yaro shi ne ya girma ya zama Guru na goma, shi ne kuma, a ranar bikin Baisakhi na 1699 a garin Anandpur, ya tara almajiransa ya kafa jama'ar Khalsa, wato tsarkakakku. An zuba ruwa cikin kwanon ƙarfe, ana motsa shi da takobi mai kaifi biyu ana karatu, matar Guru ta zo ta zuba sukari a ciki domin ƙarfi ya haɗu da taushin hali, aka shayar da mutum biyar na farko, sa'an nan shi kansa Guru ya durƙusa suka shayar da shi. Wanda duk ya sha wannan ruwa ya ɗauki alkawarin riƙe abubuwa biyar a jikinsa har mutuwa: gashin da ba a askewa, da matsefi, da awarwaron ƙarfe a hannu, da gajeren wando, da takobi. Maza suka ɗauki sunan Singh, wato zaki, mata kuwa aka san su da Kaur. Mubaya'a ce cikakkiya, kuma ba a rufe ƙofarta ga mace ba.

Mai Bhago ta fito ne daga ƙauyen Jhabal, kusa da Amritsar, cikin yankin da ake kira Majha, wanda yake tsakanin kogin Beas da kogin Ravi, ƙasar manoma masu taurin rai. Gidansu tsohon gida ne a cikin wannan addini, domin kakanta Pero Shah ƙane ne ga Bhai Langah, babban mai ƙasa wanda ya bi Guru Arjan tun yana raye. Ke nan labarin kisan Lahore da na Delhi abin hira ne a tsakar gidan da ta yi rarrafe. Riwayar Sikawa ta nuna cewa a wurin mahaifinta, Mallo Shah, ta koyi hawan doki da sarrafa mashi, da ta isa aure kuwa aka ba da ita ga Nidhan Singh na garin Patti. Da zamani ya tafi lami lafiya, da ta ƙare kwanakinta kamar sauran matan Majha, tsakanin rijiya da murhu da gona, babu mai jin ɗuriyarta bayan jikokinta.

Amma zamani bai tafi lafiya ba. Sarakunan duwatsu na Hindu da suke kewaye da Anandpur, waɗanda suka ga jama'ar da ba ta san babba da ƙarami a asali ba tana bunƙasa a gindinsu, suka haɗa kai da dakarun Mugal ƙarƙashin Wazir Khan, gwamnan Sirhind, suka yi wa garin zobe wata da watanni, suka datse hanyar hatsi, suka tsare ruwa, har ya zamana mayaƙan da suke ciki ganyen itatuwa da ɓawonsu suke ci, dawaki suna faɗuwa matattu a turakunsu. Yunwa kuwa, kamar yadda kowa ya sani, ba ta jin wa'azi. Cikin wannan ƙunci ne waɗansu mutum arba'in 'yan Majha, babbansu Mahan Singh, suka zo gaban Guru Gobind Singh suka nemi ya sallame su. Ya roƙe su su ƙara haƙuri, suka ƙi. Sai ya ce musu in lalle tafiya za su yi, to, su rubuta su sa hannu cewa daga yau shi ba malaminsu ba ne, su kuma ba almajiransa ba ne. Suka rubuta. Wannan takarda ita ce Sikawa suke kira bedawa, wato takardar yanke alaƙa. Suka sulale cikin dare suka nufi gida, shi kuwa ya naɗe takardar ya ajiye a jikinsa.

Bai kamata a yi gaggawar la'antar mutanen nan ba, domin sun yi yaƙi, sun yi yunwa, sun binne 'yan'uwa, kuma kowannensu ya baro iyali da gona. Rauni ne irin na ɗan Adam ya riske su a sa'ar da jiki ya gaza ɗaukar abin da baki ya furta. Sai dai alkawari kaya ne, wanda ya sauke shi a tsakiyar hanya kuwa ba ya samun hutun da ya yi tsammani. Sun isa Majha suna zaton za a tarye su da murnar tsira, sai suka tarar labari ya riga su, matan gari sun ɗaure fuska.

A nan ne Mai Bhago ta miƙe. Riwaya ta ce ta tsaya gabansu a bainar jama'a ta ce musu, tun da sun iya baro Guru a hannun maƙiya, to, su karɓi awarwaron mata su sa, su zauna su yi raino da girki, su ba mata makamansu su tafi su tsaya inda maza suka kasa. Magana ce mai zafi ainun, zafinta kuwa ya ninka ga wanda ya tuna cewa a wuyan hannun kowane ɗaya daga cikinsu akwai awarwaron ƙarfe na mubaya'ar da ya warware. To, amma gori abu ne mai araha, kowace unguwa akwai masu iya shi, kuma da a nan ta tsaya, da ba ta bar komai ba sai mutum arba'in masu sunkuyar da kai har tsufansu. Abin da ya bambanta ta shi ne, bayan ta nuna musu girman laifinsu, sai ta nuna musu cewa ƙofar komawa ba ta rufe ba, ta bi ƙauyuka tana tara su ɗaya bayan ɗaya, ta naɗa rawani, ta ɗauki mashi, ta hau doki, ta shige gaba. Mutumin da kunya ta danne shi ba ya iya ɗaga ƙafa shi kaɗai, sai ya ga wani ya kama hanya. Ita ce ta zame musu wannan wani.

Kafin su cim ma Guru, masifa ta riga ta sauka a kansa iyakar sauka. Masu ƙawanya sun aiko masa da rantsuwa, 'yan Mugal da Alƙur'ani, sarakunan duwatsu da abin da suke girmamawa, cewa idan ya fita daga Anandpur babu mai taɓa shi. Ya fita cikin daren hunturu na watan Disamba, sai suka ci amanar rantsuwarsu suka auka wa ayarinsa a bakin kogin Sarsa, wanda ya cika ya tumbatsa. Mutane suka nutse, littattafai suka salwanta, iyali suka watse. A Chamkaur manyan 'ya'yansa biyu, Ajit Singh da Jujhar Singh, suka faɗi a fagen fama yana kallo. Ƙananan biyu, Zorawar Singh da Fateh Singh, waɗanda ko shekara goma babu wanda ya cika, aka kama su tare da kakarsu Mata Gujri aka kai Sirhind, inda Wazir Khan ya sa aka gina bango a kansu aka kashe su, tsohuwar kuma ta cika a tsare.

Wajibi ne a faɗi wata gaskiya a nan, domin kada mai karatu ya ɗauka yaƙin Musulmi da Sikawa ake ba shi labari. A fadar Sirhind, wanda ya tashi ya yi inkarin kisan yaran nan Musulmi ne, Sher Muhammad Khan, sarkin Malerkotla, ya ce wannan aiki ya saɓa wa shari'a, alhali shi kansa abokin gabar Guru ne a fagen yaƙi. Sikawa kuwa ba su manta masa wannan kalma ba har yau. Waɗanda suka fitar da Guru a ɓoye daga dajin Machhiwara, inda ya fake bayan yaƙin Chamkaur, suna ɗauke da shi a kafaɗa cikin shigar wani shehi, 'yan'uwa biyu ne Musulmi, Nabi Khan da Ghani Khan. Littafin Sikawa kansa yana ɗauke da baitocin Shehu Farid, waliyyin nan na Fanjab. Da Guru ya rubuta wa Aurangzeb shahararriyar wasiƙarsa ta Farisanci mai suna Zafarnama, jigon tuhumarsa shi ne cewa an rantse masa da Littafin Allah an saɓa. Rigimar ta zalunci ce da cin amana, su kuwa waɗannan ba su da addini.

Guru ya nausa kudu cikin busasshiyar ƙasar Malwa, rundunar Sirhind tana bin sawunsa, har ya doshi wani tafki da ake kira Khidrana, wanda shi ne mashayar da ake dogara da ita a duk wannan jeji. A nan Mai Bhago da mutanenta suka iso, suka kuma fahimci cewa maƙiya sun kusa, sai suka yanke shawarar su tsaya tsakanin rundunar da Guru. Da yake su kaɗan ne, suka yi dabara: suka shimfiɗa mayafansu da bargunansu a kan ƙananan itatuwan wurin, yadda mai hangowa daga nesa zai ga kamar sansani ne na babbar runduna. Guru kuwa ya hau wata jigawa yana ruwan kibau daga can. Aka gwabza, mutanen nan suna fitowa ƙungiya ƙungiya, in harsashi da kibiya suka ƙare su zare takobi, Mai Bhago tana tsakiyarsu da mashinta, har aka kai ga babu sauran mai tsayuwa a cikinsu. Dakarun Sirhind, da suka isa bakin tafkin da ƙishirwa ta gallabe su da dawakinsu suka tarar babu ruwan da zai ishe su, ba su da zaɓi sai juyawa da baya. Wannan shi ne yaƙi na ƙarshe da Guru Gobind Singh ya yi da masu farautarsa, bayansa kuwa ya sami sararin da ya zauna a Talwandi Sabo ya kammala tsara littafin addininsu.

Da ƙura ta lafa, Guru ya sauko daga jigawa yana bin gawawwaki ɗaya ɗaya, yana share musu fuska yana sa musu albarka, sai ya tarar da Mahan Singh da sauran numfashi. Ya ɗora kansa a cinyarsa ya ce ya roƙi abin da yake so. Mutumin nan, wanda ajali ya riga ya tsaya a kansa, bai roƙi rai ba, bai roƙi a kula masa da iyali ba. Abu ɗaya ya roƙa, a yage takardar nan. Guru ya fito da ita daga jikinsa, domin duk cikin ambaliyar Sarsa da wutar Chamkaur da ƙayar Machhiwara bai rabu da ita ba, ya yayyage ta a gaban idonsa, sa'an nan Mahan Singh ya cika. Aka kira su Chali Mukte, wato arba'in 'yantattu, tafkin kuma aka sauya masa suna ya koma Muktsar, tafkin 'yanci. Har yanzu akwai wurin ibada a can da ake kira Tuti Gandi, ma'anarsa abin da ya tsinke aka ƙulla, akwai Tambu Sahib inda aka shimfiɗa mayafai, akwai Tibbi Sahib a kan jigawar da Guru ya tsaya.

Ita Mai Bhago an same ta cikin jini da munanan raunuka, amma da rai, mijinta kuwa, bisa riwaya, yana cikin waɗanda suka faɗi. Da ta warke ba ta koma Jhabal ba. Ta roƙi a bar ta cikin masu tsaron lafiyar Guru, aka amsa mata, ta zama mace cikin dogaransa, da rawaninta da mashinta, ta bi shi tafiya mai nisan gaske zuwa kudancin Indiya bayan rasuwar Aurangzeb a 1707, har garin Nanded a bakin kogin Godavari. A can ne aka soki Guru da wuƙa, ya rasu cikin watan Oktoba na 1708, bayan ya yi wasiyya cewa babu sauran Guru ɗan Adam a bayansa, littafin ne zai zama jagora. A harabar babban wurin ibadarsu na Nanded, wato Hazur Sahib, akwai ɗaki da ake kira da sunanta har gobe.

Abin da ta yi bayan wannan yana da ban mamaki kamar abin da ta yi a Khidrana. Mace ce da sunanta ya riga ya cika bakin jama'a, da ta so girma da ta koma Fanjab an yi mata shimfiɗa, musamman da yake cikin shekara biyu kacal jagoran mayaƙan Sikawa Banda Singh Bahadur ya ci Sirhind da yaƙi a 1710, Wazir Khan ya halaka. Sai ta zaɓi ta ƙara nausawa kudu, ta zauna a wani ƙauye mai suna Janwada kusa da birnin Bidar, cikin jihar Karnataka ta yanzu, tsakanin mutanen da harshensu ba nata ba ne, ta shiga halwa da zuhudu da ambaton Ubangiji, tana karantar da masu zuwa wurinta, har ta tsufa ta rasu a can. Bukkarta ita ce yau wurin ziyara da ake kira Tap Asthan Mai Bhago, wato wurin ibadarta. Ta ɗauki makami ranar da aka rasa mai ɗauka, ta ajiye shi ranar da bukatarsa ta ƙare, ba ta nemi ladan komai a hannun mutane ba. Wannan kuwa hali ne da ya yi ƙaranci ko a cikin manyan mazajen da tarihi yake yi wa kirari.

Hanyar da ta share ba ta rufe ba a bayanta. Mata Sundari, matar Guru, ta jagoranci jama'ar daga Delhi shekaru masu yawa tana aika wasiƙun umarni. Sada Kaur ta riƙe rundunar Sikawa ta Kanhaiya, da taimakonta kuma Ranjit Singh ya shiga Lahore a 1799 ya kafa daular Sikawa. A zamaninmu gwamnatin Fanjab ta buɗe makaranta a Mohali cikin 2015 mai ɗauke da sunan Mai Bhago, inda ake shirya 'yan mata domin zama hafsoshin soja. Duk da haka, gaskiya ta tilasta a ce ƙasar da ta haife ta ba ta gama cika alkawarinta ga 'ya mace ba: ko da yake ƙa'idar Khalsa ta haramta hulɗa da mai kashe 'yarsa, ƙidayar 2001 ta nuna cewa cikin ƙananan yara a Fanjab mata 798 ne kawai a kan kowane maza 1000, saboda fifita ɗa namiji da zubar da cikin 'ya mace, ƙidayar 2011 kuma ta nuna an ɗan farfaɗo zuwa 846. Wannan ma wata takardar yanke alaƙa ce da jama'a ta rubuta wa koyarwar malamanta, masu kishi daga cikin Sikawa kuwa, maza da mata, suna ta fafutukar ganin an yage ta, sau da yawa da sunan Mai Bhago a bakinsu.

Alkawari biyu aka karya a Anandpur cikin hunturu ɗaya. Na farko masu ƙarfi ne suka karya shi, da runduna da taska da rantsuwa a kan Littafi, ba su kuwa sami wanda zai tsaya gabansu ya mayar da su ba sai sarkin Malerkotla, shi ma ba a saurare shi ba. Abin da ya rage musu a tarihi shi ne wasiƙar tuhuma da bangon Sirhind. Na biyu raunana ne suka karya shi saboda yunwa, Allah Ya haɗa su da wadda ta faɗa musu gaskiya mai ɗaci, sa'an nan ta raka su har bakin mutuwa domin su gyara. Idan Sikawa suka tsaya addu'a suka ambaci arba'in 'yantattu, ita ba ta cikin lissafin, domin hannunta bai taɓa hawa kan takardar da za a yage ba. Amma babu ɗaya daga cikin arba'in ɗin da zai isa bakin tafkin Khidrana in da ba ta ɗaura wa dokinta sirdi a Jhabal ba.